Allon Auta da Kilishin Inna

Ƙanena mai saurin hannu ne. Tun yana yaro, kafin ka gama gaya masa baƙar magana ya riga ya kai maka duka, sai daga baya ya tsaya yana tambayar abin da ka ce. Wurin Baba ya gado. Baba, Allah ya gafarta masa, da tiyon ruwa yake dukanmu a kan matakalar gidanmu na Aziziyya, kuma Auta, wato ƙanen nawa, shi ya fi kowa shan tiyon nan, don ba ya kuka, rashin kukan kuma shi ke ƙara tunzura Baba. Ni ce babba a ɗakinmu. Ni nake shafa masa man zaitun a baya idan an gama, ina zaginsa ƙasa-ƙasa, ina cewa ya yi kukan mana ko na ƙarya ne a huta. Bai taɓa yi ba.

Ya girma ya zama ƙato, ya koyi gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wadda in ta tsaya a Madina lokacin zafi gida ya zama tanda. Sana'a ce mai kyau, kuma ya iya ta. Amma hannun yana nan. Wata rana a Anbariyya, kusa da masallaci, wani mutum ya tare masa mota da tasa, suka yi musayar yawu, mutumin ya leƙo ta taga ya kira shi da sunan da ake kiran baƙar fata idan ana so a tuna masa daga ina kakanninsa suka zo. Auta ya fito, ya finciko shi ta tagar, ya yi masa naushi har muƙamuƙinsa ya karye. Na je asibiti tare da dattawan unguwarmu da suka shiga neman sulhu. Na ga mutumin an ɗaure masa haƙora da waya, yana zuƙar miya da tsinken roba, fuskarsa ta kumbura har idonsa ɗaya ya ɓace. Maganar da ya faɗa ƙazama ce, ban ce a'a ba. Amma da na fito sai da na yi amai a bakin titi.

Auta ya kwana a hannun 'yan shurɗa, wato 'yan sanda, har aka yi sulhu. Ranar da ya dawo, Inna ta zuba masa abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci. Da ya shige ɗaki sai ta juyo gare ni. Ba ta kiran sunana, ni 'yar fari ce.

"Ke, daina yi mai wanga kallo. Komi ya yi, waje ya yi shi. Ɗana bai taɓa ɗaga hannu cikin gidana ba, kuma ba shi ɗagawa."

Na gane wannan ne kaɗai abin da take riƙe da shi. Ta zauna da mijin da ya daki kowa a gidan har ita, ta binne shi, kuma duk alfaharinta a duniya shi ne ɗan da ta haifa bai kawo wannan abin cikin gida ba. Ni kuwa daga ranar tsorona ɗaya ne, ranar da zai kawo shi.

Ana nan sai wani abokin aikinsa ya ja shi Yanbu, bakin bahar. Mu 'yan Madina me muka sani game da ruwa? Baƙin dutse muka sani, da dabino, da tankin da ke kan rufin gida. Amma Auta ya je, ya sake komawa, ran nan sai ga shi da ƙatuwar jaka a baya kamar alhajin da zai koma gida. Ya kai ta sama, wato suɗuhu, rufin gidanmu mai katanga inda muke shanya. Ya zazzage wata naɗaɗɗiyar roba mai kauri, ya haɗa mata famfon hannu, ya yi ta bugawa yana zufa, har abin ya miƙe ya zama dogon allo, fari da shuɗi, ya kai tsawon mutum biyu in an rage kaɗan. Ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa sai ka rantse katako ne. Ya ce sunansa lauh. A tsaye ake hawansa a kan ruwa, a riƙa tuƙawa da dogon filafili mai baki ɗaya.

Inna ta zagaya shi ta taɓa da ɗan yatsan ƙafa.

"To mi ake kamawa da shi? Kifi?"

"La, Umma. Ba a kama komai. Bas, tsayuwa kawai."

"Tsayuwa? Ka ɗauki mota ka tafi har Yanbu don ka yi tsaye? Nan ba ka iya tsayuwa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

Sau ɗaya na bi shi. Ranar akwai iska, ruwan yana ta tumbatsa. Na zauna a bakin gaɓa cikin abayata ina kallon ƙanena, wanda maza ke kauce wa a hanya, ruwa yana watsar da shi kamar tsumma. Ya miƙe, igiyar ruwa ta doke allon, ya faɗa da fuska. Ya hau, ya sake faɗawa, gefen allon ya buge shi a haɓa har jini ya fito. Na jira in ga ya fara zagi. Ko uffan bai ce ba. Ya tofar da ruwan gishiri, ya sake hawa. Can ya tsaya da ƙafafunsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya yi nisa har ya zama ɗan ɗigo. A hanyar dawowa wata mota ta sha gabanmu ba sigina, na dafe ƙirji, shi kuwa ya rage gudu kawai ya bar ta ta wuce. Na ce a raina, in dai wannan robar ce ta yi wannan aikin, Allah ya ja kwananta.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki ba hawan ba ne, wankan ne. Duk ranar da ya dawo daga Yanbu, washegari bayan sallar asuba yana sama. Da sanyin safiya yake tara ruwa a bokitai, don da rana ta ɗaga ruwan tankin Madina yakan yi zafin da zai fige kaza, ruwan zafi kuwa yana sassauta gam ɗin da ya riƙe gefunan allon. Ya ba shi iska kaɗan, ya kwantar da shi a kan tsohon bargo. Ya fara ɗauraye gishirin tas, don gishiri yana cin roba yana sa ƙarafunan jiki tsatsa. Sannan sabulu marar ƙarfi da soso mai laushi. Ranar da na miƙa masa ruwan da muke wanke bayi da shi, don wani baƙin tabo da ya ƙi fita, kallon da ya yi mini sai ka ce guba na miƙa wa jariri. Akwai wani ɗan fiffike a ƙarƙashin allon, yakan zare shi, ya bi ramin da tsohon buroshin haƙori yana fitar da yashi ƙwaya-ƙwaya. Ya buɗe bakin da ake ba da iska ya hure shi. Ya goge ko'ina da tawul, ya bar shi a inuwa ya sha iska, don in an naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna. In ya bushe ya sace iskar, ya naɗe shi sako-sako, ya kai shi ɗakinsa inda mukayyif ba ya mutuwa.

Inna takan hau ta same shi tana tsokana.

"Auta, an gama yi ma gawar wanka? A kawo likkafani?"

"Umma, haram alaiki," yakan ce, yana dariya.

Ni kuwa nakan tsaya a bakin matakala ina kallon hannunsa. Da tiyo yake ɗauraye allon, irin tiyon nan dai kore, ya toshe bakin da babban yatsa don ruwan ya fito a hankali. Na san abin da tiyo ya yi wa bayansa. Ganin sa yana riƙe da shi yana bin abu da lallashi yakan sa idona ya kawo ruwa, sai in fake da cewa hasken rana ne, in sauka.

Matsala ta fara ne daga inuwa. A suɗuhunmu kusurwa ɗaya ce ke samun inuwa, tsakanin tanki da doguwar katanga, a nan kuma Inna take jingine wani tsohon gadon ƙarfe mai raga. Ba mai kwana a kansa. Na kilishi ne. Mahaifin Inna mahauci ne daga wajen Maraɗi, ya zo hajji ya zauna, kuma abin da ya bar mata gado shi ne hannun kilishi. Duk Babbar Sallah sai ta yi, a raba wa dangi daga Khalidiyya har Makka. Auta yana son ya yi wa allonsa rumfa a kusurwar. Wata rana muna gidan biki masu sayen tsohon ƙarfe suka wuce, ya sauko musu da gadon, bai tambayi kowa ba. Da muka dawo na wanke shi tas, na ce masa marar kunya, na ce gadon nan ya girme shi. Ya ce tsatsa ce kawai, zai sayo mata sabo. Bai sayo ba, ya manta, ya dai kafa rumfarsa a wurin. Inna ta hau ta dubi wurin ta sauko.

Sallar ta zo a tsakiyar zafi, irin zafin da in ka taɓa ƙarfen ƙofa da rana sai ka yi ihu. Ranar Sallah Inna ta zauna da wuƙarta ta yanyana naman cinya fale-fale, kana iya hango hasken taga ta cikinsa. Ta rataye a igiya, kafin magariba ya bushe ƙayau. Saura mataki na biyu. Washegari za a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da barkono da citta da kanumfari, sannan a sake shanyawa. Naman da ya sha labu kuwa ba ya ratayuwa a igiya, nauyi yake yi ya yage, labun ya zube. Dole a shimfiɗe shi a kwance a kan abu mai faɗi, a tsakiyar rana. Aikin gadon ƙarfen ke nan.

Shi kuma Auta ya kwana biyu yana zargin allonsa yana sace iska. Da asubar ranar ya hau sama ya buga masa famfo har allurar agogon famfon mai auna iska ta kai ƙarshen inda aka yarda, ya bi gefuna da ruwan kumfa yana neman inda iska ke fita. Bai gani ba. Sai ya ce zai bar shi cike a ƙarƙashin rumfa har yamma, ya ga ko allurar za ta sauka. Aka kira shi aiki, mukayyif ɗin wani gida ya tsaya. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya ce:

"Lauh ɗina yana sama, cike da iska. La ahad yalmasu. Kada kowa ya taɓa."

"Mun jiya," in ji Inna.

Bai ce don me ba. Auta ba ya bayani, umarni yake bayarwa, shi ma wannan gadon Baba ne.

Ni ina kicin, na rufe ƙofa, ina fama da suyar sauran naman, mai yana ta tartsatsi. Kafin in rufe na ga Inna ta wuce da robar labu, na ɗauka a faranti za ta jera. Abin da ta yi, daga baya ta gaya mini. Ta hau ta duba, farantan gidan duka ba za su ɗauki rabin naman ba. Ga abu nan a ƙarƙashin rumfa, dogo, mai faɗi, sumul, wanda ake wankewa fiye da kowane kwano a gidan, kuma a daidai inda gadonta yake. Ba nauyi gare shi ba. Ta jawo shi tsakiyar suɗuhu inda rana ta fi duka, ta ɗora shi a kan kujeru biyu, ta shimfiɗa ledar sufura da muke cin abinci a kai, ta danne gefuna da baƙaƙen duwatsu, ta jera kilishinta reras. Ta ja kujera gefen katanga ta zauna tana korar tattabaru.

Bayan azahar kaɗan na ji ƙarar. Ban taɓa jin irinta ba. Tagar kicin ta girgiza, cokalin hannuna ya faɗa cikin mai, man ya fallatso mini a damtse. Motoci a titi suka ɗauki kuka. Na ce shi ke nan, tukunyar gas ta fashe a wani gida, sai na tuna ƙarar daga samana ta zo. Ban san yadda na hau matakalar ba.

Inna tana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Kilishi ko'ina. A jikin tanki, a kan katanga, a kan farantin dish, wani yana lilo a wayar wuta. Labu ya fantsama ja a bango, da farko na ɗauka jini ne na ƙwalla ƙara. Akwai jinin ma, ɗaya daga cikin duwatsun ya tashi ya same ta a ƙwauri ya fasa. Allon kuwa yana yashe tsakanin kujerun da suka kife. Gefensa ya tsage tun daga tsakiya har kusan hanci, cikinsa ya fito, zaruruwa farare dubbai. Iskar da ke ciki rana ta dafa ta, ta kumbura, ta rasa hanya.

"Inna! Inna, kin ji ciwo?"

Ba ta ji ni sosai, da ƙarfi take magana.

"Ban sa mai wuƙa ba! Wallahi ko tsinke ban sa mai ba! Ba kullum rana yake sha cikin bahar ba?"

Ban tsaya gaya mata cewa a bahar ruwa ne ke sanyaya shi ba. Maƙwabta maza suka hau, suka ga ba wuta, suka yi mana sannu, wani yana danne dariya, suka sauka. Ashe ɗaya daga cikinsu ya riga ya kira Auta ya ce masa wani abu ya fashe a gidanku, kuma an ji ihun mace.

Ina ɗaure wa Inna ƙafa da ɗankwalina na ji birkin motarsa. Ya hau matakala yana kiran "Umma! Umma!" da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya faɗo suɗuhun, fuskarsa ta yi toka. Ya zube a gabanta yana taɓa fuskarta, kafaɗunta, yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Duk hanyar nan gawa ya zo ɗauka. Sannan ya juya ya ga allon.

Na ga lokacin da tsoron ya juye ya zama wani abu. Ya miƙe a hankali. Ya je ya tsuguna, ya sa hannu cikin tsagar, ya shafa zaruruwan. Ya ɗago hannun, duk labu.

"Min? Wa ya fitar da shi?"

"Ni ce," in ji Inna. "Wurin shanya na rasa."

"Ana gult la ahad yalmasu. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Ka hwaɗi."

Ya yi ƙwallo da robar labun, ta daki katanga ta dare biyu. Ya ɗauki kujera ya maka ta a jikin tanki har ƙafarta ta tashi sama. Ya ɗauki famfon ya wurga shi ta kan katanga, muka ji ya sauka a kan gilashin wata mota a ƙasa, ashe tasa ce. Yana yi yana wani gurnani, ba Hausa ba Larabci. Ni kuma bakina ba ya iya shiru, ban taɓa iyawa ba. Na miƙe na sha gabansa.

"A kan roba? Uwarka tana zaune cikin jini kana haukan roba? Ka dubi ƙafarta!"

"Yaya, ib'idi. Matsa."

"Ba zan matsa ba. Wa ya sayar mata da gado? Da ka sayo wanda ka ce, da wa zai taɓa tsiyarka?"

Hannu ɗaya ya sa. Ya damƙi kafaɗata ya watsar da ni gefe, na tafi da baki na daki ƙarfen da tanki ke zaune a kai. Na ji haƙorina ya ɓalle, bakina ya cika da jini mai ɗumi. Na juyo a ƙasa ina tofarwa, sai na ga Inna ta dafa katanga ta miƙe, da ƙafar nan tata. 'Yar ƙaramar mace ce, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Ɗiyata ka buga? Cikin gidana?" in ji ta. "Ashe kai ma shi ne. Ubanka ne sak, na ɗauka na binne shi."

Filafilin yana jingine a gindin rumfa. Ban ga lokacin da ya ɗauko shi ba. Na dai gan shi a sama, riƙe da hannu biyu, ya kai shi bayan kai yadda ake ɗaga gatari, jijiyoyin wuyansa sun tashi, idonsa ya rufe. Inna tana ƙarƙashinsa, bayanta a jikin katanga, ta ɗaga kai tana kallonsa. Na so in yi ihu, jini ya shaƙe ni.

Ya sauke shi. Bakin filafilin ya daki gefen katanga, tsakaninsa da kunnen Inna bai kai tafin hannu ba. Ya tarwatse, ɓarɓashin siminti ya zubo mata a ɗankwali. Ya sake bugawa da guntun, ya sake, har sandar ta karye a hannunsa. Da ta ƙare sai ya dunƙule hannu ya ci gaba da naushin katangar, nan dai kusa da kanta. Ina jin ƙarar ƙashi yana haɗuwa da bulo. Bai daina ba sai da yatsun suka daina dunƙuluwa. Ya tsaya yana haki, ya dubi hannun, ya dubi Inna. Ba ta motsa ba, idonta a buɗe, ba ta ko ƙiftawa. Ya juya ya sauka.

Ni na tuƙa mu zuwa asibiti, tsumma a bakina. Aka ɗinke wa Inna ƙwauri, aka duba kunnenta, aka cire mini guntun haƙorin. Aka tambaye mu me ya faru, Inna ta riga ni, ta ce abu ne ya fashe a sama muka faɗi. Da yamma ta ce in hau in tattara naman da bai taɓa ƙasa ba, don layya ce, ba a zubarwa. Na hau na tattara ina kuka don haushi.

Auta bai kwana gida ba ranar, haka washegari, haka har Sallah ta wuce. Na ji yana wurin abokin nan nasa. Ban neme shi ba, kuma da ya kira ban ɗauka ba.

Wata safiya bayan asuba na ji ruwa yana zuba a sama. Na hau. Yana tsugune, hannun dama cikin farin filasta har gwiwar hannu. Ya shimfiɗa bargon, ya kwantar da yagaggen allon, yana wanke shi da hagu. Man gyaɗa ya shige cikin tattausan wurin da ake taka ƙafa, barkono ya rina farin ya koma ruwan ɗorawa, kuma rana ta yi kwana da kwanaki tana gasa shi a haka, don ba wanda ya taɓa shi. Yana bi da soso da sabulun nan marar ƙarfi, yana ɗaurayewa, tabon yana nan.

"Yana gyaruwa?" na tambaya. Ban yi niyyar yi masa magana ba, ta fito ne kawai.

"La. In ƙaramin huji ne ana liƙewa. Wannan khalas, ya gama."

"To wankin me kake yi?"

Ya kasa zare fiffiken da hannu ɗaya, yana ta kokawa. Na tsaya ina kallonsa, na bar shi ya sha wuya tukuna, sannan na durƙusa na danne masa allon da gwiwa ya zare. Ya ɗauko buroshin haƙorin. Ya ɗago ya ga giɓin bakina, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, samihini. Ki yafe mini."

"Rabu da ni. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kada ka yi mini ƙarya. Katangar ka nufa, ko kuskure ka yi?"

Ya daɗe yana goga ramin da babu yashi a cikinsa.

"Wallahi ma adri," ya ce. Sannan ya maimaita da Hausa, kamar don kada in ce ban gane ba. "Ban sani ba, Yaya. Kullum ina tambayar kaina."

Na fi son ya yi mini ƙaryar. Na tashi na bar shi ya goge allon da tawul, ya jira ya bushe a inuwa, ya naɗe shi sako-sako yadda ya saba, ya sa a jaka.

Inna tana falo a kan darduma, ta miƙe ƙafar da aka ɗinke, tana jan carbi. Ya shigo ya durƙusa nesa da ita kaɗan. Ya yi magana da Hausa tsantsa, yana tuntuɓe a kan kalmomi, ya ce ya yi laifin da ba shi da baki, ta yafe masa don Allah da darajar wanda muke maƙwabtaka da kabarinsa. Yana faɗa yana kuka. Auta, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba.

"Na yahe maka," in ji Inna, ba ta ko bari ya gama ba. "Duniya da lahira. Ni ma na taɓa maka kaya. Tashi, ka ci abinci?"

Har ga Allah ta yafe, na san muryar Inna in tana faɗin gaskiya. Ya matso da gwiwoyi don ya sumbaci kanta, ya miƙa hannun hagu zai dafa kafaɗarta. Hannun yana tasowa Inna ta ƙanƙame ido, ta dunƙule wuya, ta kare fuskarta da damtse. Carbin ya faɗi.

Ba ta yi da gangan ba. Ta buɗe ido ta ga abin da ta yi, ta yi sauri ta kai hannun ga ɗankwali kamar gyara shi za ta yi.

"Zo mana," ta ce. "Zo, Auta."

Ya riga ya ja da baya. Ya ɗauki carbin ya ajiye a gefen dardumar, ba a hannunta ba. Ya miƙe ya fita.

Yanzu a Yanbu yake aiki, can ya kama ɗaki. Yana zuwa duk Juma'a da 'ya'yan itace da maganin ƙafarta. Yakan tsaya daga bakin ƙofar falo ya gaishe ta, hannuwansa biyu a baya, ta ce ya shigo ya zauna kusa, ya ce nan ma ya isa.